Wata goma muna ɗawainiya da iyalin nan, yanzu maigidan ya daina ɗaga wayata

Maman Biyu:
Assalamu alaikum 'yan zaure, dan Allah shawara nake nema musamman wajen waɗanda suka taɓa aikin sa kai da 'yan gudun hijira. Mu bakwai ne muka haɗu muka ɗauki nauyin wani iyali da yaƙi ya koro daga ƙasarsu, miji da mata da yara huɗu, alƙawarin da muka sa wa hannu na shekara ɗaya ne kuma yau wata goma kenan. Mu muka tarbo su a filin jirgi, mu muka nemo gidan haya muka zuba kaya, makarantar yara, katin asibiti, asusun banki, layin waya, kai har yadda ake hawa bas ni na nuna wa matar. Duk takardar da ta zo musu sai su ɗauki hotonta su turo min in karanta in cike in mayar. Toh sati uku da suka wuce na samo wa maigidan aiki a wani sito, sauke kaya ne da jerawa, na gama magana da mai wajen har na ce masa ran Litinin zai fara, sannan na tafi gidan da murnata na faɗa musu. Wallahi bawan Allahn nan bai ce min komai ba sai na gode, Litinin ta zo bai je ba, tun ranar kuma baya ɗaga wayata sai matar ce ke amsawa tana ta bani haƙuri. Saura wata biyu tallafinmu ya ƙare, kanmu ya rabu, wasu na cewa mu cigaba da biyan haya saboda yaran wasu na cewa ko kwana ɗaya kar a ƙara. Ni kuma gaskiya raina ya ɓaci, na rasa me na yi masa.

Direban Dare:
Wa'alaikumussalam Hajiya. Ni fa bana kwana-kwana, wannan butulci ne. Mutum ya baro ƙasarsa daga shi sai rigar jikinsa, an bashi muhalli an sa masa yara a makaranta an kawo masa aiki har ɗaki, sannan ya tsaya zaɓe? Da babu ai gara ba daɗi. Ku cika shekararku ku zare hannu, ranar da mai gidan haya ya ƙwanƙwasa ƙofa da ƙafarsa zai nemi siton.

Tsohon Malami:
Malam Direba a bi a sannu, ɓangare ɗaya muka ji. Hajiya tambaya biyu gareni. Mece ce sana'arsa a can kafin yaƙi? Sannan da kika kai albishir ɗin, wa ya yi muku tafinta?

Maman Biyu:
Baba, maigidan malamin lissafi ne, shekara goma sha tara yana koyarwa a sakandare har ya kai mataimakin shugaban makaranta in ji matar. Tafinta kuma babbar 'yarsu ce ke mana kullum, shekararta sha uku, ita yaren ya fi zauna wa a baki, shi har yanzu kame-kame yake.

Tsohon Malami:
To 'yata ki sake karanta abinda kika rubuta yanzu.

Baƙuwar Jiya:
Anti Maman Biyu bari in saka baki, dan ni ce yarinyar nan shekarun baya. Ina da sha biyu muka tsallake iyaka da iyayena, muka yi shekaru a sansani kafin a ɗauke mu zuwa wata ƙasar, kuma ni na fara iya yaren dan yaro a makaranta wata shida ma ya ishe shi ya fara surutu, babba kuwa da ke zaune a gida sai a yi shekara biyu yana fama. Daga nan sai gidan ya juye. Ni ke amsa waya, ni ke karanta takardar banki, ni ke gaya wa mahaifina abinda mai gidan haya ya ce, har asibiti an taɓa tasa ni gaba na fassara wa mahaifiyata maganar da bai kamata 'ya ta ji game da uwarta ba, har yau in na tuna sai jikina yai sanyi. Mahaifina mutum ne da a garinmu in ana rigima shi ake kira ya raba, sai gashi sai ya kalli bakina kafin ya san me ake cewa a falonsa.

Yanzu ki duba abinda ya faru a gidan nan. Kin shiga, a gaban matarsa da yaransa, ta bakin 'yarsa 'yar sha uku, aka sanar da shi cewa an gama yanke masa inda zai yi aiki da ranar da zai fara, ba wanda ya tambaye shi ko da sau ɗaya. Ba ɗaukar kayan ne ya ƙona masa rai ba ina tabbatar miki, mahaifina ya yi sharar ofis shekara huɗu bai taɓa ƙorafi ba dan shi ya nemo da kansa. Tun ranar da mutum ya bar gida komai sai dai a yanke masa: layin da zai bi, tantin da zai kwana, ranar da za a yi masa tambayoyi, ƙasar da za a kai shi ma ba shi ke zaɓa ba. Sai ya iso inda yake zaton ya dawo mutum, ya tarar da masu ƙaunarsa ma haka suke masa, cikin fara'a.

Maman Biyu:
Subhanallah. Wlh ƙanwata ban taɓa kallon abin ta nan ba. Amma fa ku min adalci, lokaci ne ke ƙure mana, na bar aikina sau nawa ina zarya, yarana ma sun fara cewa na fi kula da waɗancan. Da na tsaya jiran shawararsa da wani ya ɗauke gurbin.

Direban Dare:
Duk na ji, kuma Allah ya jiƙan wahala, amma mutunci baya biyan haya. Ni da kuke gani digiri gareni, tuƙin dare nake shekara shida a ƙasar da ba tawa ba, ba wanda ya lallashe ni. In an bi ta taku sai a zauna ana rarrashinsa har wata biyun su wuce yara su kwana a titi.

Almajirin Tarihi:
Malam Direba kai ka zaɓi tuƙin ko zaɓa maka aka yi aka aiko ɗanka ya gaya maka? Nan ne bambancin. Mu da muke da labarin Muhajirai da Ansar ai bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. Da aka yi hijira zuwa Madina a 622 Annabi SAW ya ƙulla 'yan'uwantaka tsakanin baƙi da masu gari, mutum da mutum, gida da gida. Sa'ad bin Rabi'i ya yi wa Abdurrahman bin Auf tayin rabin dukiyarsa, Abdurrahman ya yi masa addu'ar albarka ya ce a nuna masa kasuwa kawai. Abinda ke burge ni shine Sa'ad bai yi fushi ba, bai ce an raina kyautarsa ba, aka nuna wa Abdurrahman kasuwar ya shiga da abinda ya iya.

Mai Karatun Lauya:
Misali mai kyau Malam, sai dai Abdurrahman ba wanda ya tare shi a bakin kasuwa ya ce ina takardar izinin aiki, ina shaidar karatu, ina lasisi. Matsalar zamanin nan kenan. Yarjejeniyar 1951 kan 'yan gudun hijira, wadda aka faɗaɗa da ƙarin 1967, ta yi maganar aikin albashi a sashe na 17, karatun yara a na 22, ta kuma hana a mayar da mutum inda rayuwarsa ke cikin haɗari a na 33. Amma a aikace malami ko likita ko injiniya in ya tsallaka sai a ce takardunsa sai an tantance, sai ya ci jarabawar yare, wani lokacin sai ya koma aji. A Jamus misali kwas ɗin sajewa da jama'a awa 600 ne na yare da awa 100 na sanin ƙasa da dokokinta, kuma matakin B1, wato matsakaicin iya yare, yake kai mutum, wanda bai isa a baka aji ka koyar ba. Dan haka mutumin nan ko ya so ko ya ƙi akwai 'yan shekaru tsakaninsa da allo, abinda ya kamata a zauna da shi a kai shine wace hanya ce za ta mayar da shi can, kuma wane aiki zai riƙe kafin nan wanda ba zai kashe masa hanyar ba.

Na Kanada:
Hajiya sannu da ƙoƙari, na yi irin wannan sau biyu. A nan Kanada tsarin ya daɗe, tun 1979 lokacin 'yan gudun hijirar Biyetnam da maƙwabtanta aka fara barin talakawan gari su ɗauki nauyi da kansu, lokacin da na yi mutum biyar ma sun isa su kafa ƙungiya, kuma zuwa yanzu sama da mutum dubu 300 suka shigo ta wannan hanyar, har a 1986 aka ba al'ummar Kanada gaba ɗaya lambar yabo ta Nansen, wadda ake bayarwa kan hidimar 'yan gudun hijira. Shekara ɗaya ake ɗauka kamar naku, kuma abinda kowa ke tsoro muna ce masa wata na goma sha uku, wato watan farko da za su tsaya da ƙafarsu.

Iyali na farko mun tafka irin kuskurenki, komai mu, ko likita za su gani sai ɗayanmu ya ɗauko mota, sai da shekara ta ƙare muka gane matar bata taɓa shiga bas ita kaɗai ba kuma mijin bai san yadda ake biyan kuɗin wuta ba, mun ji daɗin kanmu muna ta shan godiya ashe ɗaure su muka yi. Na biyu sai muka canza, tun wata na uku duk takardar da ta zo ba ma cikewa, zama muke su riƙe biron mu muna gefe ko da abin minti goma zai ci awa guda. Kasafin kuɗin gidan ma tare muka rubuta tun farko suka san nawa ke shigowa da ranar da zai tsaya. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma wata biyu ba kaɗan bane in kun fara gobe. Maganar haya kuma kar ku yanke ta a bayan idonsu kamar yadda aka yi ta aikin.

Sai Gaskiya:
Ni duk wannan bai dame ni ba. Tambayata, ku bakwai ɗin nan babu mabuƙata a unguwarku ne? Ga marayu ga marasa aikin yi 'yan ƙasa, kun tsallake su kun je kun ɗauko baƙo daga wata duniya kuna kashe masa, shi kuma yana muku yanga. Ƙasashen da ke karɓa ma sun gaji.

Mai Karatun Lauya:
Ɗan'uwa waɗanne ƙasashe ne suka gaji? Alƙaluman UNHCR, hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, sun nuna waɗanda aka raba da muhallansu a duniya sun haura miliyan 120 a 2024, mafi yawansu ma basu fita daga ƙasarsu ba. Cikin waɗanda suka tsallaka iyaka kusan kashi bakwai cikin goma a ƙasar da ke maƙwabtaka da tasu suke zaune, kuma waɗanda ake ɗauka a sake tsugunar da su a ƙasa ta uku kamar iyalin nan basu kai ɗaya cikin ɗari ba a shekara. Yuganda ba mai kuɗi bace amma tana ɗauke da sama da miliyan ɗaya da rabi, dokarta ta 2006 ta basu damar aiki da zirga-zirga, har fili ake yanka musu su yi noma, matsugunin Bidibidi da aka buɗe a 2016 saboda 'yan Sudan ta Kudu yanzu kamar gari yake. Tanzaniya a 2014 ta ba 'yan Burundi kusan dubu 162 takardar zama 'yan ƙasa, mutanen da ke can tun gudun 1972. Sansanin Dadaab a Kenya tun farkon shekarun 1990 yake, akwai waɗanda a ciki aka haife su a ciki suka haihu.

Sai Gaskiya:
Lissafi dai. Ba ka amsa min maganar marayun unguwa ba.

Tsohon Malami:
Zan amsa maka ɗana. A iya abinda na gani a rayuwa, mutanen da ke fitowa aikin baƙi sune dai za ka gani a aikin marayu, masu cewa a fara da na gida kuma sau da yawa ba ka ganinsu a ko ɗaya. Ban ce kai haka kake ba. Amma akwai gaskiya a cikin maganarka ta wani gefen: in maƙwabci talaka yana kallo ana sauke wa baƙo katifa sabuwa shi ko sallama ba a yi masa ba, an shuka ƙiyayya kenan, kuma baƙon ne zai girbe ta bayan masu taimakon sun watse. Shi yasa in za a buɗe ajin koyon yare ko na taimaka wa yara da aikin gida, a buɗe shi ga duk unguwa.

'Yar Jinya:
Ina son in ƙara abu biyu. Na farko dan Allah ku daina sa yarinyar nan tafinta, musamman asibiti da maganar kuɗi, ku nemi babba wanda ba ɗan gidan ba, asibitoci da yawa suna da tafinta ko ta waya in an nema tun kafin ranar. Na biyu, rashin ɗaga waya ba lallai fushi bane kawai. Mutanen da suka ga yaƙi sau da yawa watannin farko lafiya lau za ka gansu dan hankalinsu na kan tsira, sai an natsu an samu ɗaki da makulli sannan abin ke faɗo musu, rashin barci, firgita, ƙin fita, shiru. Ban ce shine ke damunsa ba dan ban ganshi ba, amma wani namiji a cikinku ya zauna da shi ba da maganar aiki ba tukuna. Kuma kar a matsa masa ya bada labarin abinda ya gani, ya riga ya maimaita shi wa jami'ai sau ba adadi.

Ke kuma Hajiya kin gaji ne, ana ji a rubutunki. Ku bakwai ne amma da alama ke kaɗai ke ɗauke da jakar.

Baƙuwar Jiya:
Yauwa Anti, da maganar hoto. Masu taimakonmu mutanen kirki ne amma duk abinda suka kawo sai an tsayar da mu an ɗauka an sa a Facebook, a makaranta wata ta nuna min hotona riƙe da bargo. Ban sake son zuwansu ba daga ranar.

Maman Biyu:
Hoto kam Alhamdulillah ba mu taɓa sawa ba, tun farko aka gargaɗe mu dan suna da 'yan'uwa a can da za a iya cutarwa. Sauran kuwa duk na ɗauka. Akwai wani dattijo a cikinmu zan roƙe shi ya je.

Na Kanada:
Hakan ya yi. Kuma ku riƙe damar nan da kyau dan ba ko'ina take ba, Birtaniya sai 2016 ta fara nata tsarin, Amurka ta buɗe nata mai suna Welcome Corps a Janairun 2023 sai gashi a Janairun 2025 an dakatar da karɓar 'yan gudun hijirar, waɗanda suka gama shiri suna jiran iyalai haka suka zauna.

Maman Biyu:
Salam, na dawo da bayani bayan kwana tara. Dattijon namu ya je da wani tafinta babba, suka fita da maigidan waje suka yi kusan awa biyu. Ashe aikin siton da safe ne, daidai lokacin ajinsa na yare, kuma saura wata uku ya zauna jarabawa, in ya bari sai ya koma layin jira. Ya ce ya so ya faɗa min a ranar amma ba zai iya musu da ni ta bakin 'yarsa ba, kuma yana jin nauyin ya ce a'a ga wadda ta yi musu wannan ɗawainiya, shi yasa ya gudu daga wayar. Wani abin da ban sani ba wlh, wata biyu kenan yana koya wa yaran maƙwabta uku lissafi da yamma a falonsa, da guntun yarensa da alƙalami, iyayen har sun fara bashi ɗan abu. Wata goma ina shiga gidan nan ban taɓa tambayarsa yadda yake wuni ba.

Na je na bashi haƙuri, shima ya bani, mun ɗan ji kunyar juna. Ya ce yana son aikin in akwai na dare ko na ƙarshen mako. Barcin kuma 'Yar Jinya kin yi gaskiya, matar ta ce baya yi sosai, amma ya ce ba yanzu ba maganar likita, mun ƙyale shi tukuna. Haya har yanzu bamu daidaita ba, ran Asabar za mu zauna da su biyun da takardar kasafi, biyu daga cikinmu na nan kan bakansu na cewa ba ƙari.

Abinda ya rage, takardun karatunsa duk sun ƙone kuma jami'ar da ya yi ba a samun kowa a waya, hoton shaidar digiri ɗaya kawai gareshi a tsohuwar waya. Akwai wanda ya san yadda ake yi?

Mai Karatun Lauya:
Akwai hanya. In a Turai kuke, Majalisar Turai (Council of Europe) ta fito da fasfon shaidar karatu na 'yan gudun hijira tun 2017, ana duba ɗan abinda mutum ke da shi a yi masa tambayoyi a rubuta matakin karatunsa, UNESCO ma na da irinsa a wasu ƙasashen. Ba lasisin koyarwa bane amma yana buɗe ƙofa. In ba can bane ku tambayi hukumar tantance takardun karatu ta ƙasar ko tana da tsarin waɗanda takardunsu suka salwanta. Hoton nan ku kwafe shi wuri uku yau ɗin nan kafin wayar ta mutu. Kuma shi zai rubuta wasiƙar neman, ku dai ku duba masa.

Direban Dare:
Toh na janye kalmar butulci, amma maganar haya ina nan inda nake. Hajiya in na dare yake so ki ce masa ya nemi wanda ake tashi ƙarfe biyu ba na asuba ba, in ba haka ba a aji zai dinga barci, ni na gwada. In yana da tambaya ki haɗa mu, sai dai a samo mai fassara, ba yarinyar ba.